An yi wa masu girki gwaji, amma yara ba su daina gudawa ba

Wata Hajiya da ke shugabantar makarantar kwana ta haddar Alƙur'ani a Gusau, mai ɗalibai mata kusan 300, ita ta aiko da tambaya. Ta ce a farkon zango ta kai masu girkinta su 6 asibiti an yi musu gwajin masu taɓa abinci, kowacce ta fito da takarda mai kyau, ta kuma ɗinka musu rigar aiki da hula. Duk da haka, da zafi ya shigo, sau biyu yara suna kwana suna amai da gudawa. Tana son ta san wane horo ya kamata a ba matan nan, wa zai ba su, ko kuwa sallamarsu za ta yi ta ɗauko wasu.

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika yi tambaya tun abin bai kai ga rasa rai ba. Ni aikina duba-gari ne, kicin ɗin makarantu na cikin wuraren da nake shiga. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe: kada ki sallame su. Idan kika kawo wasu matan suka shiga kicin ɗin nan, suka tarar da ruwan nan, da lokutan girkin nan, da siton nan, abin da ya faru shi zai sake faruwa. A mafi yawan inda na gani, laifin da ake ɗora wa masu girki tsarin da makaranta ta shimfiɗa musu ne ya haife shi, kuma gyaran tsarin yana hannunki.

Takardar gwaji tana da amfaninta, ba na raina ta. Hukumar NAFDAC tana neman masu sana'ar abinci su yi wa ma'aikatansu wannan gwaji duk wata 6, ke ma ki riƙe hakan. Amma takardar tana faɗa miki halin da jikin mace yake ciki ne a ranar da aka ɗebi jininta da bayan-gidanta, shi ke nan. Wadda ta fito lafiya ran Litinin tana iya shan gurɓataccen ruwa a gidan biki ran Juma'a, ta shigo miki da cuta ran Asabar, takardarta tana nan cikin fayil tana cewa lafiya lau. Sannan ki duba me aka gwada. Wurare da yawa gwajin Widal suke yi na taifod, alhali a ƙasa irin tamu da cutar ta zama ruwan dare, Widal yakan ce akwai ga wanda ba shi da ita, ya kuma wuce mai ɗauke da ita. Cikin mutum 100 da suka yi taifod suka warke, 2 zuwa 5 sukan ci gaba da riƙe ƙwayar a maɗaciyarsu, suna fitar da ita a bayan-gida ba tare da ko ciwon kai ba. Wanda ya fi kama irin wannan shi ne gwajin bayan-gida da ake ajiyewa kwanaki a ga ƙwayar da za ta tsiro, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke ce wa kalca. Shi za ki nema. Kuma idan takarda ta nuna ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B, waɗannan ba ta abinci ake ɗaukarsu ba, zalunci ne a raba mace da aikinta saboda su. Ciwon hantar da ke bin abinci da ruwa nau'in A ne da nau'in E.

Yanzu ga tambayar da zan fara yi miki da a gabanki nake: ƙarfe nawa ake sauke shinkafa daga wuta, kuma ƙarfe nawa yarinya ta ƙarshe take sa ta a baki? Zatona ya fi ƙarfi a nan, tunda kin ce da zafi abin ya faro.

Abin da aka saba a makarantun kwana shi ne masu girki su shigo bayan asuba, su dama koko, su ɗora na rana, su kuma tuƙa na dare tun azahar, saboda kowacce tana son ta isa gida kafin magariba. Ba lalaci ba ne. Suna da mazaje da 'ya'ya, hanya kuma ba kowace ake bi da dare ba a jihar nan. Sai a kwashe a zuba a kula ko manyan bahuna a rufe, yara su ci bayan isha'i. Abincin ya yi awa 6 ko 7 ke nan a ajiye. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi, sun kuma fi sauri a kusa da zafin jikin mutum. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Gusau yakan haura digiri 40, to abincin da aka sauke ba ya yin sanyin da zai tsayar da su, ba ya kuma riƙe zafin da zai kashe su. Idan wuri ya yi musu daɗi, ƙwaya ɗaya tana rabuwa biyu duk minti 20. Ki lissafa: a awa 7, ɗaya ta haura miliyan 2. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye, sai dai a kan wuta sama da digiri 60 ko a firji ƙasa da digiri 5. Kula tana jinkirta hucewa ne kawai. Bayan awanni, cikinta ya koma ɗumi-ɗumi, wanda shi ne daidai abin da ƙwayoyin ke so.

Za ki ce ai an dafa, wuta ta kashe komai. Ba komai ba. Akwai wata ƙwaya da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, masana na kiranta basilus siriyus. Tana ƙunshe kanta cikin ɓawo mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Da shinkafa ta fara hucewa sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba dafi a ciki, dafin kuwa ko an mayar da shinkafar wuta ba ya mutuwa. Alamarsa amai ne mai ƙarfi, awa 1 zuwa 6 bayan ci. Akwai wata kuma, kulostiridiyum, mai son tsakiyar babbar tukunyar wake ko miyar nama inda iska ba ta shiga. Tata alamar murɗar ciki ce da gudawa, awa 6 zuwa 24 bayan ci, amai kaɗan ne ko babu. Ta uku, istafilokokus, a hanci da fatar mutane masu lafiya take zaune, ta fi yawa a maruru da karkare da yankan wuƙa da ya yi ruwa. Ita ma dafinta ba ya jin wuta, amai yakan zo da wuri, wani lokaci cikin rabin awa. Don haka ki zauna da metiron da yaran da suka kwanta, ki tambaye su me suka ci, ƙarfe nawa, kuma me ya fara zuwa, amai ko gudawa, da wane lokaci. Amsar nan kaɗai tana iya nuna miki tukunyar da ta jawo abin.

Abin da ya fi wuya mai girki ta yarda da shi, komai daɗewarta a sana'a, shi ne abinci yana iya zama guba bai canja wari ba, bai canja ɗanɗano ba. Za ta buɗe kula ta sansana, ta lasa, ta ce miki, “Hajiya, ƙalau yake, ko tsami bai yi ba.” Gaskiyarta ta faɗa, hancinta bai ji komai ba. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi daban, masu kwantar da yaro daban. Agogo ne zai yanke hukunci, hanci ba zai iya ba.

Maganin wannan ba lacca ba ne. Ki raba matan gida biyu, wasu su yi safe zuwa azahar, wasu su shigo da rana su yi na dare, a kuma matso da cin abincin dare kusa da magariba. Idan akwai hali, a samu biyu da za su riƙa kwana a makaranta. Miya ta zauna a kan garwashi tana ɓararraka har a gama rabo. Ki sayi ma'aunin zafin abinci mai tsinke, a riƙa soka shi tsakiyar tukunya, a ga ya kai digiri 70 kafin a sauke. Batun ɗumame kuwa, na san al'adarmu ce, kuma a gida ƙaramar tukunya ce, zafi yana ratsa ta. A tukunyar mutum 300 gefe yana ƙonewa tsakiya tana ɗumi. A makaranta kada abinci ya kwana. A auna daidai cikin yara, wanda ya rage a bayar da shi nan take yana da zafi. Ina roƙon ki, kada a ajiye shi sai da safe a miƙa wa almajirai. Cikinsu irin na ɗalibanki ne, kuma su ba su da metiron da za ta kai su asibiti.

Ki sa ido sosai a kan abincin da hannu ke shiga bayan ya bar wuta. Kwaɗon zogale shi ne babban misali. An dafa ganyen, lafiya. Sai a tsame, a matse da hannu, a barbaɗa ƙuli, a yanka ɗanyen tumatir da albasa a kai, a cakuɗa da hannu, ba zai sake ganin wuta ba. Duk abin da ke ƙarƙashin farcen mai haɗawa ya shiga kwanon yara. Haka kunu da zoɓo da ake sirkawa da ɗanyen ruwa bayan an tafasa, da ƙanƙarar da ake sayowa a jefa ciki ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, da nonon da ba a dafa madararsa ba kafin ya kwana.

Wannan ya kawo mu kan hannu. Ki je ki tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci lokacin rabo. A makarantu da yawa baho ɗaya ake ajiyewa da ruwa, yara su bi layi suna tsoma hannu. Ta farko ta samu ruwa mai kyau. Kafin a kai ta talatin ruwan ya yi fari-fari da maiƙo a sama, ta ƙarshe kuwa ta wanke hannunta ne da dattin duk waɗanda suka riga ta. Ruwan wanke hannu zubowa yake yi ya wuce. Bokiti mai famfo ya wadatar, ko jarka da aka huda aka rataye, da sabulu ɗaure da igiya a gefe. A cuɗa aƙalla daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Irin wannan za a sa a ƙofar kicin da kuma ƙofar ban-ɗakin masu girki. Mu mutane ne masu tsarki da ruwa, alhamdu lillahi, amma ruwa zalla ba ya raba hannu da ƙwayar taifod ko kwalara, ga butar kanta kowa da hannun da yake kama ta. Bayan tsarki sai sabulu, in babu sabulu toka ta fi babu. Farce a yanke, zobe da awarwaro a cire. Tsumman nan da ke rataye a kafaɗa, ana goge gumi da shi, a goge wuƙa, a goge faranti, a raba shi da kicin. Safar hannu ba na ba da shawararta ga irin kicin ɗinki, domin mace takan sa ta tun safe ta taɓa nama, ta taɓa itace, ta taɓa tuwo, tana ganin hannunta a rufe yake.

Mai goyo kuma a yi mata tanadi. Yaro zai yi kashi, uwa za ta wanke shi, ta dawo kan muciya. Kashin jariri ya fi na babba yawan ƙwayoyin gudawa, mutane kuwa suna ɗaukarsa ba komai ba. A samu inuwa nesa da murhu da wadda za ta riƙe yaran.

Akwai doka ɗaya da nake so ki kafa da bakinki a gabansu: duk wadda take gudawa ko amai, ko idonta ya yi shawara, ko take da ƙurji mai ruwa a hannu, ta faɗa, ta zauna a gida, ba za a yanke mata ko sisi ba. Mai gudawa ba ta dawowa sai ta yi awa 48 da tsayawarta. Na nanata batun albashi domin a nan dokar take rayuwa ko ta mutu. Matar da ta san za a cire mata kuɗin yini ba za ta taɓa gaya miki cikinta ya ɓaci ba. Za ta sha Flagyl a kemis, ta ɗaure, ta zo ta tuƙa tuwon mutum 300. Kuɗin kwana biyu na mai girki ɗaya bai kai kuɗin ƙarin ruwa na yara goma ba.

Ruwa ma abin bincike ne. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, Zamfara tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A 2017 kuma, a wata babbar makarantar kwana ta 'yan mata ta gwamnatin tarayya a Legas, ɗalibai 3 sun rasu, ɗaruruwa suka kwanta, binciken ma'aikatar lafiya ta jihar ya gano ƙwayoyin cuta a ruwan makarantar da kuma bayan-gidan wasu ma'aikatan kicin. Makaranta ce mai suna da gata. Idan burtsatse gare ki, yaushe rabon a wanke tanki, kuma yana da murfi? Idan rijiya ce, ta yi nisan mita 30 da masai? Idan 'yan garuwa ke kawowa ranar da babu wuta, daga ina suke ɗebowa, me aka taɓa zubawa a jarkokinsu? Ruwa yakan fito da kyau daga famfo ya lalace a randa, ta hanyar moɗar da kowa ke sha da ita ya mayar. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwaya. Mai kashewa tafasawa ce ko kulorin, irin WaterGuard ko Aquatabs, a bi awon da ke jikin kwalin, a jira minti 30. Da wannan ruwan za a sha, a wanke kayan lambu, a ɗauraye kwanuka, sannan a kife su a kan tebur rana ta busar da su.

Nama ba sai na tsawaita ba. A sayo da safe daga kwatar da ake duba dabba, a dafa a ranar. Katakonsa daban, wuƙarsa daban, ruwansa kada ya taɓa tumatir ko wani abin da za a ci ɗanye.

Sito kuwa sai na tsaya a kansa, domin cutar da ke fitowa daga can wuta ba ta maganinta, mai girki kuma ba ta da hannu a ciki. Wake shi ne na farko. 'Yan kasuwa da yawa suna zuba masa fiya-fiya ko Sniper don kada ƙwari su huda shi. Saboda yawan wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Waken da kika buɗe buhunsa wari ya bugi hancinki, ko kika ga farin gari a jikinsa, a mayar wa mai shi. Mafi alheri ki sayi na dukan zangon da kaka daga manomin da kika sani, ki adana a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba. Kuma kada jarkar maganin feshi ta shigo makarantarki da sunan an wanke ta. A Yulin 2013, a jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana a makarantarsu ta firamare, bincike ya nuna maganin ƙwari ne a cikin man girkin. Maganin ɓera da na sauro da kananzir, ko ɗaya kada ya kwana ɗaki ɗaya da abinci.

Na biyu hunhuna. Masara da gyaɗar da ba su bushe sosai ba, ko aka jibge su a ƙasa mai danshi da damina, suna yin hunhunar da ke fitar da dafin afalatoksin. Dahuwa ba ta kashe shi. Kaɗan-kaɗan yana cin hanta, yana tsumburar da yara, yana kai wa ga sankarar hanta. In ya yi yawa yana kisa cikin kwanaki, kamar yadda ya kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta gurɓatacciyar masara. Inda ya fi ɓuya shi ne ƙuli-ƙuli da gari mai araha, domin ruɓaɓɓiyar gyaɗa da baƙar masara can ake kai su a niƙe, ido ya daina ganinsu. Ki sayi tsaba, a tsince, a kai niƙa da kanku. Buhuna su hau katako, su bar jikin bango, wanda ya riga shigowa ya riga fita.

Batun niƙa kuma, mu 'yan Zamfara muna da darasin da wasu ba su da shi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka dutsen zinare ana niƙa shi a cikin gari da cikin gidaje, har da turame da injinan da aka san su da hatsi. Dalma ba ta da wari, ba ta sa gudawar da za a lura, ƙwaƙwalwar yaro take ci. Ki san injin da ake kai miki niƙa, ki san inda aka shanya hatsin da kike saye. Sai ɓera. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Gari da shinkafa su shiga duro mai murfi, a toshe ramuka, a kafa tarko, a kwashe shara kullum a kai ta nesa da kicin.

To, horon kansa. Ki je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ki nemi duba-gari, aikinsu ne, ki ce kina son su zo kicin ɗinki. Kada ki yarda da taron yini ɗaya a wani zaure, a yi jawabi rabi da Turanci, a raba satifiket a watse. Abin da za a koyar ba shi da yawa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shi a abubuwa biyar: tsafta, raba ɗanye da dafaffe, dafawa sosai, ajiyewa a zafi ko sanyin da ya dace, da amfani da ruwa da kayan abinci masu kyau. Wahalar tana wajen mayar da su ɗabi'a, wannan kuwa a gindin murhu ake yin sa, da Hausa, da tukwanen da suke aiki da su, rabin awa yau, rabin awa wani mako. Abin da ido ya gani ya fi zama. A shafa wa mace ɗaya man gyaɗa da garin gawayi a tafi, a ce ta ci gaba da aikinta. Bayan ɗan lokaci a bi a duba: ga baƙi a kan ludayi, ga shi a murfin randa, a moɗa, a gefen mayafinta, a hannun wadda ta gaisa da ita. Sannan ta wanke da ruwa zalla kowa ya ga abin da ya rage, ta sake da sabulu. Matar da ta ga wannan ba sai an sake yi mata dogon bayani a kan ƙwayar da ba a gani ba.

Kafin a koya musu komai, a fara tambayarsu me ke hana su. Za ki ji abin da ba ki sani ba: sabulu yana ƙarewa tun tsakiyar wata, mai sito ba ya ba da wani, itace ɗanye ne shi ya sa ake ɗora girki da wuri, wuƙa ɗaya ce a kicin ɗin gaba ɗaya. Matan nan sun shekara suna ciyar da gidaje, a girmama su, a kira su Inna da Baba kamar yadda ya dace, kada a yi musu gyara a gaban ɗalibai. Kuma ba su kaɗai za a horar ba. Mai sito, mai cefane, mai kawo ruwa, manyan ɗaliban da ke rabon abinci, metiron, da ke kanki, duk ku zauna. A maimaita a farkon kowane zango, sabuwar ma'aikaciya kuma kada ta taɓa tukunya sai an zagaya da ita. A manna hotuna a bango, a rubuta da boko da ajami. Ki naɗa ɗaya a cikinsu shugaba, ki ba ta agogo da littafi, ta riƙa rubuta lokacin da aka sauke da lokacin da aka gama rabo. Ki kuma ba ta ikon zubar da abincin da ya wuce lokaci ba tare da ta ji tsoron faɗanki ba. Ke kuma ki riƙa shiga kicin ba sanarwa, ki ci daga tukunyar da yara ke ci.

Wannan ya shafi har makarantun je-ka-ka-dawo. A shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, mata a gidajensu suka riƙa dafawa suna ɗaukowa a kula, wato kicin ɗin yana inda malami ba ya gani. Duk shugaban makarantar da ake kawo wa abinci daga waje, ko masu talla ke sayarwa a ƙofarsa, tambayar nan ta ƙarfe nawa aka sauke ita ce tasa shi ma.

Idan Allah ya ƙaddara abin ya sake faruwa, ruwan jiki ake fara mayarwa. Ki ajiye fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc a ɗakin magani tun yanzu. In ORS ya yanke, a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a bi yara da Flagyl da tetracycline ba umarnin likita. Yarinyar da idonta ya faɗa, ko ta kasa sha, ko take kashi da jini, ko gudawarta ta zama fara kamar ruwan wankin shinkafa, asibiti nan take, ko tsakar dare ne. A rubuta sunan kowacce da abin da ta ci da lokacin da ciwon ya fara. Kada a zubar da ragowar abincin, a ɗebi kaɗan a leda mai tsafta a sa a firji don masu bincike. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ko a kira layin NCDC na kyauta, 6232. Iyaye ma a gaya musu gaskiya, gara su ji daga bakinki.

Akwai hali ɗaya da ba ya jiran ko ORS. Idan cikin mintuna bayan cin abinci yara suka fara dalalar da yawu, gumi yana karyo musu, ƙwayar idonsu ta ƙanƙance, numfashi yana sarƙewa, wannan maganin ƙwari ne. Kada a ɗura musu manja ko madara, kada a sa musu yatsa a maƙogwaro. A hana sauran ci, a kwantar da wadda ta galabaita a gefenta, a ɗauke su zuwa asibiti mafi kusa tare da kwanon abincin da buhun da aka ɗebo shi, a gaya wa likita tun daga ƙofa cewa ana zargin maganin ƙwari.